Ruwan Da Ma'auni Ba Ya Kamawa: Raɓa, Hazo Da Makomar Kogunan Da Ke Gangarowa Daga Tsaunuka

Kowace shekara, kafin faɗuwar damina, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen ruwan da za a samu a kowace jiha, da milimita. Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara noma, ake gina madatsun ruwa, ake kuma gargaɗin ambaliya. Dukkansu sun dogara ne da wani ɗan mazubi mai buɗaɗɗen baki da ake kafawa a fili domin ya tari abin da ya faɗo daga sama. To amma akwai ruwan da ba ya faɗowa. Wani yana kwanciya ne a kan ganye cikin dare, shi ne raɓa. Wani kuma iska ce take koro shi a kwance, ya bugi rassan bishiyoyi ya ɗiga ƙasa, shi ne ruwan hazo. Mazubin nan ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata.

A filayen Kano ko Katsina wannan giɓin bai taka kara ya karya ba. A kan tsaunuka kuwa, irin su Mambila a Jihar Taraba da tuddan yammacin Kamaru, ruwan da ba a ƙirgawa yana cikin abin da ke raya kurmi da ciyawa, su kuma su ne suke riƙe da kawunan kogunan da miliyoyin mutane ke sha a ƙasa. Abin da ba ya cikin lissafi kuwa da wuya ya shiga kasafin kuɗi, da wuya kuma a sami mai kare shi.

Yadda tururi ke komawa ruwa

Iska kullum tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani. Yawan abin da za ta iya riƙewa ya danganta da zafinta. Iskar da za ta cika akwati mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, tana iya riƙe kusan giram 30 na tururi idan zafinta digiri 30 ne a ma'aunin Salshiyas. Idan ta huce zuwa digiri 20, abin da za ta riƙe bai wuce giram 17 ba. A digiri 10 kuwa ya sauko zuwa giram 9 da ɗoriya. Saboda haka duk iskar da aka ci gaba da sanyaya ta, za ta kai wani matsayi da ba za ta iya riƙe tururinta ba, sai rarar ta koma ɗigon ruwa. Wannan matsayi shi masana suke kira ma'aunin saukar raɓa. Duk wanda ya ga kwalbar lemo mai sanyi tana gumi a hannun mai shago ya ga wannan aiki da idonsa: ruwan da ke jikin kwalbar daga iskar da ta taɓa ta ya fito.

Da dare, ganye da ciyawa su ne suke zama kwalbar. Bayan faɗuwar rana, duk abin da ke fuskantar sararin sama yakan riƙa sakin zafinsa, ganye kuma da yake siriri ne, ba shi da ajiyar zafi, yakan huce fiye da iskar da ke kewaye da shi. Da zarar sanyinsa ya kai ma'aunin saukar raɓa, sai ɗigo ya fara taruwa. Wani likita da ya yi aiki a Landan, William Charles Wells, shi ne ya tabbatar da haka a binciken da ya wallafa a shekarar 1814, bayan ya yi ta ajiye dunƙulen ulu a fili cikin dare yana auna nauyinsu da safe. Kafin nan mutane da yawa sun ɗauka raɓa yayyafi ce mai laushi da ke saukowa daga sama. A 1885 kuma wani masani ɗan Sikotilan, John Aitken, ya ƙara da cewa wani kaso na raɓar daga danshin ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawar yake tasowa.

Abubuwa uku ne raɓa take bukata: sarari garau babu girgije, domin girgije yakan mayar da zafin ƙasa kamar bargo, iska mai motsi kaɗan, domin iska mai ƙarfi takan hana ganye hucewa, da kuma danshi a cikin iskar. Shi ya sa a ƙasar Hausa raɓa ta fi yawa a ƙarshen damina da farkon kaka, lokacin da girgije ya janye amma ƙasa ba ta bushe ba. A tsakiyar hunturu, duk da sanyin dare, raɓa takan yi ƙaranci domin iskar da ke kaɗowa daga Sahara busasshiya ce.

Ba kuma duk ɗigon da aka gani a kan ganye da asuba ne raɓa ba. Manyan ɗigon da ke jeruwa a gefen ganyen masara ko a tsinin ciyawa ruwa ne da tsiron kansa ya turo daga saiwa idan ƙasa ta ƙoshi. Raɓar gaskiya ƙananan ɗigo ce da ke shimfiɗuwa a duk fuskar ganyen.

Ƙanƙantar raɓa da girman aikinta

Idan aka auna ta, raɓa ba ta da yawa. A yawancin wurare abin da ke kwanciya a dare guda bai wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita ba, kuma lissafin masana ya nuna ko a daren da ya fi dacewa ba za ta kai cikakkiyar milimita ɗaya ba, domin akwai iyaka ga yawan zafin da ganye zai iya saki. Amma milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan raɓar kashi biyu cikin goma na milimita lita 2,000 ce a kowace hekta, wato jarka 80 masu cin lita 25, a dare ɗaya, ba tare da kowa ya ɗebo ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Raɓa ba ta cika rijiya, domin yawancinta takan bushe da hantsi. Amfaninta yana wajen lokacin da take zuwa. Muddin ganye yana jiƙe, tsiron ba ya asarar ruwan jikinsa, don haka yakan sami 'yan sa'o'in safiya yana haɗa abincinsa ba tare da ya zuƙi ƙasa ba. Wasu tsirrai ma suna shan ruwan kai tsaye ta ganye. Gansakuka da ƙwari da ƙananan halittun da ke ruɓar da busasshen ganye suna rayuwa a kanta tsakanin ruwa da ruwa. Manoman Arewa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke cewa waken da aka shuka a makare da raɓa yake ƙarasawa.

Tana da illa kuma. Cututtukan ganye da yawa ba sa kama tsiro sai ya kwana a jiƙe, ciki har da ciwon da ke ƙona ganyen dankalin Turawa, wanda manoman tudun Jos suke fama da shi a damina mai sanyi da laima. 'Ya'yan tsutsar ciki da ke addabar dabbobi kuma sukan hau ciyawa idan tana da danshi, abin da ya sa makiyaya da yawa ba sa son sakin garke sai raɓa ta kaɗe.

Girgijen da ya taɓa ƙasa

A Hausa kalmar hazo tana ɗaukar abu biyu. Akwai hazon ƙura na hunturu, wanda ke busar da leɓe ya hana jiragen sama sauka. Akwai kuma hazon ruwa, wanda girgije ne da ya sauko ya taɓa ƙasa, ko kuma ƙasar ce ta yi tudu har ta kai inda girgije yake. Wannan na biyun shi ne babban mai kawo ruwan ɓoye a kan tsaunuka.

Idan iska mai danshi ta ci karo da tsauni, ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana buɗewa tana hucewa. A matsakaici, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Inda ta kai ma'aunin saukar raɓa, nan girgije yake farawa. Masana yanayi suna da ƙiyasi mai sauƙi na gano wurin: kowane digiri ɗaya na tazara tsakanin zafin iska a gindin tsauni da ma'aunin saukar raɓarta yana ɗaga gindin girgije da kimanin mita 125. Misali, idan zafin iskar digiri 30 ne, ma'aunin saukar raɓarta kuma 22, tazarar takwas ce, girgije zai fara ne a kusan mita 1,000. Duk bishiyar da ke sama da nan tana cikin hazo.

Ɗigon hazo bai kai kaurin silin gashi ba, saboda haka nauyinsa ba ya isa ya faɗo. Iska ce take tafiya da shi, kuma idan bai sami abin da zai tare shi ba, sai ya wuce ya narke a wancan gefen tsaunin. Bishiya ita ce matarar. Ɗigon yakan manne a ganye da reshe, ya haɗu da ɗan'uwansa har ya yi nauyi, ya ɗiga ƙasa ko ya gangara ta jikin itacen. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin irin wannan bishiya zai jiƙe kamar ana ruwa, alhali ma'aunin da aka kafa a fili kusa da ita a bushe yake. A dazuzzukan tsaunuka masu yawan ruwa, bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna hazo yakan ƙara kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari a kan ruwan sama. A busassun wurare, ko a watannin rani, kason yakan zarce haka nesa.

Mutane sun san da wannan tun kafin a ƙirƙiro ma'auni. A tsibirin El Hierro, cikin tsibiran Kanari da ke ƙarƙashin Sifaniya a yammacin gaɓar Maroko, mazaunan farko sun dogara da wata bishiya mai suna Garoé, wadda ke tarar hazo tana ɗigar da ruwa cikin ramukan da suka haƙa a gindinta. Guguwa ce ta kayar da ita a 1610, kuma har yau hotonta yana jikin tambarin tsibirin.

Aikin kurmi da aikin ciyawa

Kurmin da ke cikin hazo ya bambanta da na ƙasa. Bishiyoyinsa gajeru ne, masu karkatattun rassa, kuma jikinsu a lulluɓe yake da gansakuka da wasu tsirrai da ke zaune a kan reshe ba tare da saiwarsu ta taɓa ƙasa ba. Waɗannan ba irin kauci ba ne da ke tsotsar bishiya. Mazauni kawai suke nema, ruwansu daga iska yake. Gansakukar tana jiƙa ta riƙe ruwa ninkin nauyinta sau da yawa, sannan ta riƙa sakinsa a hankali. Bugu da ƙari, hazo yana tare rana, don haka bishiyoyin ba sa shan ruwa da yawa. Kurmin yana karɓar ƙari, yana kashe kaɗan, sauran ya nutse ya fito a idon ruwa.

Wannan ne ya sa masana ilimin ruwa suke ware kurmin hazo daban. A filayen ƙasa, idan aka sare daji jimillar ruwan da ke kwarara a shekara takan ƙaru, domin babu bishiyoyin da za su sha. Illar ita ce yakan zo gaba ɗaya a matsayin ambaliya, rafi kuma ya ƙafe da rani idan ƙasar ta taurare. A kurmin hazo kuwa asarar biyu ce: an rasa matarar da ke kamo ruwan, an kuma rasa ƙasa mai laushi da ke ajiye shi.

Filayen ciyawa na kan tudu su ma ba kango ba ne da ke jiran a dasa masa itace. Ciyawa ita ce ta fi kowace shimfiɗa tara raɓa, kuma dunƙulen saiwarta yana gina baƙar ƙasa mai shan ruwa kamar soso. A tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, filayen ciyawa masu sanyi da ke sama da iyakar bishiyoyi su ne suke shayar da manyan birane: yawancin ruwan da birnin Bogota na Kolombiya ke sha daga irin wannan fili yake zuwa, haka ma Kito, babban birnin Ekwado. A Ekwado an auna an ga cewa inda aka dasa baƙin itatuwan katako a kan ciyawar, ruwan rafi ya ragu sosai. Afirka ta Kudu ta fara irin wannan gwaji a Jonkershoek tun 1935, sakamakon kuma shi ne ya kai ta ga kafa shirin tumɓuke baƙin itatuwa masu shan ruwa daga kawunan koguna a 1995. Darasin a fili yake: dashen itace alheri ne a inda daji ya taɓa kasancewa, amma a kan tsohuwar ciyawar tudu yana iya zama ɓarna.

Mambila da maƙwabtanta

A Najeriya babu inda wannan magana ta fi shafa kamar tudun Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, mai hedikwata a Gembu. Matsakaicin tsayinsa kusan mita 1,600 ne daga doron teku. Wanda ya hau daga Mayo Selbe zuwa Maisamari yakan bar zafin kwari ya shiga sanyi cikin ƙasa da sa'a biyu. Iskar damina da ke tasowa daga Tekun Atilantika tana hawa waɗannan tuddai ta sauke ruwan da ya haura milimita 1,800 a shekara, damina kuma takan ɗauki wata bakwai zuwa takwas. Sanyi da laimar su ne suka sa ake noman ganyen shayi a Kakara, tsayin kuma ya hana ƙudan tsando zama, abin da ya mai da tudun ɗaya daga cikin manyan wuraren kiwon shanu a ƙasar.

A arewa maso gabashin tudun ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane tsawo a Najeriya. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 6,000 tsakanin jihohin Taraba da Adamawa. Daga waɗannan tuddai Kogin Taraba da Kogin Donga suke tasowa. Kogin Katsina-Ala, wanda aka yi wa madatsar Kashimbila, daga tuddan Bamenda na Kamaru yake fitowa. Dukkansu ukun a Binuwai suke zuba, shi kuma ya haɗu da Kwara a Lokoja. Mai kamun kifi a Ibi da mai noman rani a Makurɗi suna cin moriyar abin da ke faruwa a kan tudun da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Kurmin da ya saura a Mambila ɗan kaɗan ne, yawancinsa a kwazazzabai da bakin rafuka inda wuta ba ta kaiwa. Mafi shahara shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe a 1969. Faɗin wurin da aka keɓe murabba'in kilomita 46 ne, amma kurmin kansa bai wuce kusan bakwai ba. A cikinsa akwai birai masu kama da mutum na jinsin da ba a samu sai a Najeriya da Kamaru, da bishiyoyin da suka yi ƙaranci a duniya. Akwai tashar bincike a wurin, wadda masaniyar tsirrai Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke ƙasar Niyu Zilan ta jagoranci kafawa, inda ɗaliban jami'o'in Najeriya suke nazarin yadda kurmi ke farfaɗowa idan aka killace shi daga wuta da shanu. A tsallaken iyaka, kurmin Kilum-Ijim da ke kan dutsen Oku, mai tsayin mita 3,011, shi ne mafi girman irinsa da ya rage a yankin, kuma daga furanninsa ake samun farar zumar Oku.

Matsin da tudun ke fuskanta ba ɓoyayye ba ne. Ana cinna wa ciyawa wuta kowane rani domin sabon toho, wutar kuma takan ci gefen kurmi kaɗan-kaɗan. Yawan shanu yana tattake ƙasa har ruwa ya daina nutsewa, ya koma zaizaye gangare. Bishiyar turare, wadda aka kawo daga waje, ta bazu a kewayen Gembu da Nguroje domin katako da itacen girki, alhali tana shan ruwa har cikin rani. Haƙar duwatsu masu daraja ta bar ramuka a wasu kwaruruka. A gindin tudun kuma, sarar madobiya domin kasuwar Sin ta yi wa dazuzzukan Taraba mummunar illa a tsakiyar shekarun 2010, har aka sanya itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. A bayan duk wannan akwai tsohuwar taƙaddamar mallakar ƙasa tsakanin manoma da makiyaya, wadda ta jawo asarar rayuka da dukiya a watan Yunin 2017. Inda ba a daidaita wanda ke da fili ba, da wuya a sami wanda zai kula da shi don gobe.

Abin da ya faru a wasu wurare

Ƙasashe uku sun nuna yadda wannan tsari ke lalacewa. A Monteverde ta ƙasar Kosta Rika, masana sun lura cewa ranakun da babu hazo a lokacin rani suna ƙaruwa tun shekarun 1970. Wani kwaɗo mai launin zinariya da ba a samu ko'ina sai can, an yi masa ganin ƙarshe a 1989. Masana sun danganta ɓacewarsa da wata cutar fata ta kwaɗi haɗe da shekarun fari. Wani bincike da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa sare dajin da ke filayen ƙasa, nesa da tsaunin, yana sa iskar da ke isowa ta fi zafi da bushewa. Idan aka koma ga ƙiyasin da ya gabata za a ga dalili: iskar da zafinta ya tashi daga 30 zuwa 32, ma'aunin saukar raɓarta ya sauka daga 22 zuwa 20, tazararta ta zama 12, gindin girgije kuma ya tashi daga mita 1,000 zuwa 1,500. Kurmin da ke tsakani ya fita daga hazo ke nan, ko da ba a taɓa ko reshe ɗaya nasa ba.

A Kilimanjaro ta Tanzaniya, hankalin duniya yana kan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙolin dutsen. Amma masanin tsirrai Andreas Hemp ya nuna cewa gobarar da ta cinye dajin saman dutsen ta jawo asarar ruwan hazo da ya ninka abin da ƙanƙarar ke bayarwa sau da yawa.

A yankin Dhofar na ƙasar Oman kuwa, tsaunukan da ke bayan birnin Salala sukan yi kore shar daga Yuni zuwa Satumba a tsakiyar hamada, saboda hazon da ke tasowa daga teku. Bishiyar da ta fi yawa a can 'yar'uwar marke ce. Anke Hildebrandt da Elfatih Eltahir, masanin ruwa ɗan asalin Sudan, sun nuna a 2006 cewa bishiyoyin da kansu suke kamo ruwan da ke raya su, kuma idan yawan kiwon raƙuma ya kashe su, ciyawar da za ta maye gurbinsu ba ta da tsayin da za ta tari hazon, don haka dajin ba zai dawo da kansa ba.

Tarkon hazo

Injiniyoyi sun kwaikwayi bishiya ta hanyar kafa manyan raga a kan tudu suna fuskantar iska, ruwan ya gangara cikin kwata zuwa tanki. A ƙasar Cile, ƙauyen Chungungo ya fara shan irin wannan ruwa a 1992 daga ragogin da aka kafa a kan dutsen El Tofo, inda ake samun kimanin lita 15,000 a rana. Bayan shekara goma ragogin sun yage babu mai gyara, domin ba a sa mutanen ƙauyen cikin tafiyar da aikin ba tun farko, 'yan siyasa kuma sun fi son alƙawarin bututu. A Maroko, ƙungiyar Dar Si Hmad ta buɗe nata aikin a 2015 a kan dutsen Boutmezguida kusa da Sidi Ifni, ta jawo ruwan har cikin gidajen ƙauyuka inda a da mata ke shafe sa'o'i suna ɗebowa. Raga tana iya shayar da ƙauye. Shayar da kogi kuwa sai daji da ciyawa.

Wa zai biya mai tsaron kan kogi?

Shekaru da dama ana maganar tashar wutar lantarki ta Mambila a kan Kogin Donga. A Nuwambar 2017 gwamnatin tarayya ta sanya hannu da kamfanonin Sin a kan kwangilar kusan dala biliyan 5.8 domin samar da megawat 3,050. Aikin ya maƙale a shari'ar kwangila da ta kai gaban kotun sasanci a Faris, inda tsoffin shugabannin ƙasa Olusegun Obasanjo da Muhammadu Buhari suka ba da shaida a Janairun 2025. Muhawarar da ake yi a kansa ta kuɗi ce da diyya da kwangila. Amma injin wuta da ruwa yake juyawa, kuma ƙarfinsa a watan Fabrairu ya dogara da abin da ƙasar tudun ta ajiye a watan Agusta. Ƙasar da ta zaizaye kuma laka take turawa cikin madatsa, ta rage mata shekaru.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan alaƙa doka. Kosta Rika ta fara biyan masu filaye domin su bar daji a tsaye a ƙarƙashin dokar gandun daji ta 1996, da kuɗin harajin man fetur. Birnin Kito ya kafa asusun kare ruwa a 2000, inda kamfanin ruwa da na lantarki suke zuba wani kaso domin kula da ciyawar tudun da ke shayar da su. Kenya ta ayyana manyan tsaunukanta biyar a matsayin rumbunan ruwan ƙasa, ta kafa musu hukuma a 2012. Sai dai Kenya ta kuma nuna inda haɗarin yake: korar mutane daga dajin Mau da sunan kare ruwa ta kai ga ƙara, kuma a 2017 Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha ta yanke cewa an tauye haƙƙin ƙabilar Ogiek. Kare daji da aka gina a kan korar talakan da ke cikinsa ba ya ɗorewa.

A Najeriya iko a rarrabe yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, gandun daji irin Ngel Nyaki na jiha ne, Gashaka-Gumti da manyan madatsu kuma na tarayya. Shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ya ta'allaƙa ne a jihohi 11 na bakin hamada, Taraba ba ta cikinsu. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 da asusun kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya sun ba da ƙofar da za a iya bi, idan aka sami masu matsa lamba.

Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi wa 'yan majalisa da kwamishinoni ba su da wuya. Nawa aka ware domin kafa na'urorin auna hazo da kwararar rafuka a kan tudun? A cikin kuɗin kowace madatsa, wane kaso ne zai koma ga manoma da makiyayan da ke zaune a kan kogin domin su rage wuta su killace idon ruwa? Wace irin bishiya ake rabawa a bikin dashen itace, kuma a ina ake dasa ta? Ranar 11 ga Disamba ta kowace shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tsaunuka, a daidai lokacin da ake muhawarar kasafin kuɗi a majalisun jihohi da ta tarayya. Lokaci ne mai kyau na neman amsa.